Harshen Tagulla

A makarantar koyon sana'a ta Jimeta inda Malama Keturah take koyar da aikin wutar lantarki, kowa ya san jakarta ta fi ta sauran malamai mata nauyi. A ciki akwai Littafi Mai Tsarki, da hoda, da filaya, da sukundireba har uku. 'Yar masunci ce daga Numan, tana zaune a Bekaji da mijinta Wilson, kuma tana da wata lalura guda: ba ta iya ganin abu a lalace ta wuce shi. Ko gidan biki ta je, idan fanka tana kuka, sai a neme ta a same ta tsaye a kan kujera tana kwance murfin.

A ƙarshen shekarar 2014, bayan Mubi ta faɗa hannun 'yan tada ƙayar baya, mutane suka kwararo Yola da abin da suka iya ɗauka a ka. Dubbai aka sauke a sansanin Damare. Matan cocin su Keturah suka riƙa kai dafaffen abinci duk Asabar, ita ma ta bi su. Sai dai ranar farko ko ludayi ba ta taɓa ba, domin tana sauka daga mota ta hango wani layi da ya fi na shinkafa tsawo.

Layin caji ne. Wata ƙungiya ta kawo akwati mai aiki da hasken rana, mai baki ashirin da huɗu, don mutane su cika wayoyinsu. A lokacin waya ta fi abinci daraja, ita ce kaɗai hanyar sanin wanda ya tsira da inda ya faɗa. To amma cikin baki ashirin da huɗun nan, bakwai ne kawai suka rage da rai.

A ƙarshen layin akwai wata dattijuwa doguwa, ta ƙulle wayarta a bakin zane. Keturah ta gaishe ta, ta tambayi sunanta.

"Hansai," in ji ta. "Daga Madagali. Yau kwana huɗu ina bin layin nan, kafin in kai rana ta faɗi. Mun rabu da 'yata Yusrah a hanyar Mubi. Lambata kawai ta haddace."

"Goggo, riƙe min jakar nan," in ji Keturah.

Ta roƙi mai kula da akwatin, ya bar ta ta buɗe bayansa. Batir lafiya lau, wayoyin wutar da ke ciki lafiya lau. Ta zaro baki guda ta ɗaga shi a rana, nan take ta ga ciwon. Kowane baki ɗan gida ne na roba, a cikinsa akwai 'yan bututun ƙarfe biyu, su ne suke kama tsinken fulogi su ba shi wuta. Babu abin da ya riƙe bututun a gidansu sai matsi. Mutum ɗari ya tura fulogi, mutum ɗari biyu ya tura, sai bututun ya gaji ya ja da baya ya lume ciki, fulogi ya shiga ya tarar ba kowa a gida.

Ta tura su gaba da sukundireba, baki goma sha bakwai suka farfaɗo, jama'a suka yi ta sa mata albarka. Kafin a gama rabon abinci tara sun sake lumewa. Goggo Hansai tana saura mutum uku ta kai aka ce wuta ta ƙare.

Keturah ta koma Bekaji da matattun baki biyu a jaka. Ta gwada gam, washegari ta shanya bakin a rana kamar yadda akwatin yake wuni, gam ɗin ya narke ya zama kunu. Ta cusa tsinken ashana a gefe, ya riƙe sau goma, na goma sha ɗaya ya karye. Wilson ya zo cin abinci ya tarar da teburin cike da gutsattsarin roba, ya ɗauki kwanonsa ya koma tsakar gida, domin ya san matarsa.

Ranar Laraba tana tsakiyar aji, tana zana wa ɗalibai wani abu daban a allo, dabarar ta faɗo mata. Tun tana ƙarama take ɗaura wa babanta ƙugiya, ta san ɗan ƙayan nan na bakinta: shiga ba wuya, fita ba hali. Idan aka tsaga ɗan harshe a jikin bututun, aka ɗaga shi kaɗan yana kallon baya, aka kuma huda 'yar taga a jikin gidan robar, to lokacin da ake tura bututun ciki harshen zai kwanta, idan ya iso tagar ya miƙe ya tokare. Daga nan duk turin da fulogi zai yi, harshen ne zai sha. Ta yi dariya ita kaɗai da alli a hannu, ɗalibai suka kalli juna.

Zane ta iya, ƙira ce ba ta iya ba. Aka kwatanta mata wani dattijo a Makama, cikin garin Yola, Malam Salihu maƙerin farfaru. Kakansa ne ya zo daga Kano da gudumarsa, su suke yin butoci da zobba da adon sirdi. Ta same shi a zaure yana like gindin wata buta, tabarau a kan hanci.

Bayan gaisuwa ta shimfiɗa masa takardar. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Malama, wannan abu girmansa nawa ne?"

Ta nuna masa tsohon bututun a tafin hannunta. Bai kai rabin tsinken ashana tsawo ba.

"Kuma a jikin wannan kike so in fitar da harshe?"

"Ƙarami, Bappa. Kamar ƙwayar shinkafa."

"Shekara hamsin ina ƙira, ba a taɓa kawo min aikin da sai na riƙe numfashi ba. In na yi atishawa fa?"

"Sai mu nemo shi a ƙasa mu biyu."

Ya yi murmushi. Da ta ba shi labarin layin Damare da matar da ta ƙulle waya a bakin zane, sai ya ture butar gefe, ya ce mai ita ya yi haƙuri.

Kwana shida tana zuwa bayan an tashi makaranta. Na farko da gwangwanin madara suka yi. Harshen ya kwanta da kyau lokacin shiga, amma ya ƙi tashi, ya yi kwanciyarsa kamar wanda ya ci tuwo ya ƙoshi. Na biyu Malam Salihu ya yi da kauri, ya shiga da ƙarfi ya tsaga gidan robar gida biyu. Na uku ya fitar da harshen yana kallon gaba, abin ya ƙi shiga sam. Suka tsaya suna kallonsa, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara magana.

"Takardarki ce a juye," in ji shi.

"Bappa, kai ka juya ta."

"To ai ba ki rubuta mata sama da ƙasa ba."

Daga cikin gida suka ji matarsa, Dada Aishat, tana dariya a bayan labule.

Keturah ta samo tagulla daga kan wani tsohon lagireto a wurin makanikai. Nan ma harshen ya fito da laushi, ta rasa dalili, ta zauna tana cizon biro. A nan ne dattijon ya nuna mata abin da babu shi a littattafanta na koyarwa yadda ya faɗe shi.

"Laifina ne, na gasa ta don ta yi daɗin lanƙwasa. Tagulla in ta sha wuta ladabi take yi, duk inda ka kai ta nan za ta zauna. In kina son ta yi gardama, a sanyi ake dukanta."

Ya ɗora wani yanki a kan uwar maƙera, ya yi ta bugunsa da ƙaramar guduma har ya zama siriri kamar ganyen albasa. Ya lanƙwasa gefensa da farce, ya saki, abin ya dawo da kansa yana rawa. Keturah ta karɓa ta gwada, ta sake gwadawa, ta kasa ajiyewa.

Ya naɗe bututun a jikin allurar ɗinkin buhu, ya bar tsaga a tsawonsa don ya riƙa damƙe tsinken fulogi. Ya fitar da harshen da wani ɗan kurfi da ya wasa musamman. Ita kuma ta huda tagar a gidan robar, ta matse waya a gindin bututun, ta tura shi ta baya a hankali. Suka kasa kunne. Sai suka ji ɗan sauti, ƙas.

"Kin ji?" in ji Malam Salihu da raɗa.

"Na ji."

"Ciro shi mu sake."

Ta sa bakin allura ta tagar ta danne harshen, bututun ya zamo baya salin alin. Ta sake turawa. Ƙas. Sau takwas suna yin haka, dattijo mai furfura da malamar makaranta, kunnuwa a jikin ɗan guntun roba, kowane ƙas sai sun kalli juna sun tuntsire.

Amma Keturah ba ta yarda da sauti kawai ba. Ta ce sai an gwada ƙarfinsa. Turin fulogi daga gaba da jan waya daga baya duk hanya ɗaya suke kai bututun, saboda haka idan ya jure ja, zai jure turi. Suka ɗaure gidan robar a azarar zauren, wayar tana lilo, suka rataya bokiti a ƙarshenta. Dada Aishat ta fito da mayafinta da moɗa, ta ce ita za ta zuba ruwan, tunda kwana shida ana hana ta barcin rana da bugun guduma.

Suka fara da tsohon bututun don a san inda aka taso. Moɗa uku ya zame, bokitin ya faɗi. Sannan aka rataya sabon.

"Go'o," in ji Dada Aishat, tana ƙirga da Fulatanci. "Ɗiɗi. Tati."

Aka wuce uku, aka wuce goma. Maƙwabta masu dawowa daga sallar la'asar suka tsaya a ƙofa suna tambayar me ake yi. Aka ce musu ana gwada harshe. Ba su gane ba, amma suka shigo. A moɗa ta goma sha biyar Fulatancin Dada ya cakuɗe da Hausa saboda dariya, 'yan kallo suka karɓi ƙirgar baki ɗaya. Keturah ta durƙusa a ƙarƙashin bokitin tana leƙen tagar.

"Malama, matsa daga nan," in ji Malam Salihu.

"Ina so in ga lokacin da zai saki, Bappa."

A moɗa ta ashirin da biyu wani abu ya ce ɗas, bokitin ya kife a kanta gaba ɗaya. Ta miƙe tana ɗigar ruwa daga ɗankwali har takalmi, ba ta ko share fuska ba ta kamo gidan robar ta duba. Wayar ce ta tsinke. Bututun yana nan zaune a gidansa, harshen a tokare, ko gezau.

Ta buɗe baki za ta yi bayani, dariya ta ci ƙarfinta. Ta zauna daɓas a cikin ruwan tana nuna musu abin da yatsa. Malam Salihu ya cire tabarau yana share hawaye, Dada Aishat ta rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya. Wani maƙwabci ya riƙa bin mutane yana ba su hannu, har yanzu bai san me aka ci ba. Da zanen Dada Aishat da rigarta Keturah ta koma Bekaji ranar, Wilson ya buɗe ƙofa ya dube ta sama da ƙasa, ya ce, "To, ya yi ke nan."

Bututu arba'in da takwas ake bukata. Malam Salihu ya ƙera ɗan ma'auni na ƙarfe don kowane harshe ya fito daidai da ɗan'uwansa, suka gama cikin kwana uku. Ranar Asabar ta tare keke mai ƙafa uku na wani mutum mai suna Bobboyi, wanda ya saba kai ta makaranta. Ta ce saura gwaji ɗaya, na girgiza. Ta haɗa ƙaramin ƙwan fitila da batirin keken ta cikin sabon bakin, ta manna shi a bayan kujerarsa. Malam Salihu ya sa babbar riga ya shiga baya, ya ce ba za a kai aikinsa inda bai gani ba.

"Hamma Bobboyi, duk ramin da ka gani ka shiga," in ji Keturah.

"Malama, wannan hanya ba shi da kyau fa. Kullum kauce masa nake yi."

"Yau kada ka kauce."

Ya waiwayo ya dube ta, ya dubi dattijon, ya ɗaga kafaɗa. Da farko yana shiga ramukan da tsoro, amma da ya ga duk faɗawa sai fasinjojinsa sun leƙa ƙwan sun yi shewa, abin ya shige shi. Ya riƙa hango rami daga nesa yana sanarwa. "Ga wani babba yana zuwa, Bappa riƙe hula." Hular ta bugi rufi, keken ya yi tsalle kamar ɗan akuya, ƙwan bai ko ƙifta ba. Masu gonaki a bakin hanya suka miƙe suna kallon keke yana bin ramuka da gangan, mutum uku a ciki suna ƙyaƙyata dariya.

A sansanin, awa biyu ta ɗauka tana canja bututun. Malam Salihu yana miƙo mata ɗaya bayan ɗaya daga cikin gwangwanin alewa, Bobboyi ya riƙe musu lema. Da ta rufe akwatin, ta nemo Goggo Hansai daga can baya, ta ce ita za ta fara. Masu gaba suka yi gunaguni kaɗan, suka bari.

Dattijuwar ta kwance bakin zane, ta tura fulogin a hankali kamar mai tsoron kada ya ji ciwo.

"Da ƙarfi, Goggo. Yanzu ba ya gudu."

Ta danna. Fuskar wayar ta kawo haske. Baki ashirin da huɗu suka cika, ashirin da huɗu suka kama. Mai kula da akwatin ya bi su yana taɓawa ɗaya ɗaya, ya dawo ya sake bi.

Ba a yi minti goma ba wayar Goggo Hansai ta yi ƙara. Kowa ya juyo. Ta rasa inda za ta danna, Keturah ta danna mata ta sa a amsa-kuwwa. Sai wata murya mai zaƙi ta ce, idan kana son wannan waƙa ta zama kiɗan wayarka, danna ɗaya. Kiɗa ya ɓarke.

Goggo Hansai ta dubi wayar, ta dubi jama'a. "Kwana goma sha takwas ina jira," in ji ta, "ashe mai kalangu ne yake nemana." Layin gaba ɗaya ya fashe da dariya, ita ma har da riƙe ciki, hawaye yana zuba, ba mai iya cewa na dariya ne ko na kuka.

Kiran gaskiya ya zo bayan azahar, suna shirin tafiya. Baƙuwar lamba ce. Keturah tana tattara kayan aiki ta ji dattijuwar ta ce, "Yusrah?" sannan ta zauna a ƙasa. Yusrah tana Gombe, wata mota ce ta kwashe su da yaranta biyu, kullum sai ta ari waya ta kira sau biyar, sau shida, ana ce mata a kashe take. Goggo Hansai ta yi ta maimaita wa duk wanda ya matso, "Tana Gombe. Da yaran. Tana Gombe." Ta kamo hannun Keturah ta ɗora wayar a kunnenta, ta ce, "Gaishe da ƙanwarki." Keturah ta gaishe da matar da ba ta taɓa gani ba, suka yi ta tambayar juna lafiya kamar sun tashi ɗaki ɗaya. Malam Salihu ya juya baya yana gyara hula, ya daɗe yana gyara ta.

Bayan mako guda Yusrah ta zo ta tafi da mahaifiyarta. Akwatin ya yi aiki har aka rufe sansanin, baki ɗaya ne kawai ya mutu, shi ma akuya ce ta tauna wayarsa.

Yanzu Keturah ta bar koyarwa. Tana da shago a Jimeta, ita da tsofaffin ɗalibanta mata uku, suna ƙera mahaɗin waya na keke da na famfon ban-ruwa mai aiki da rana, wanda manoman Damare da na bakin kogi suke saye. Sun sami ƙaramin injin da yake fitar da harshe biyu a bugu ɗaya, kuma gidan robar ma su suke zana nasu. Malam Salihu ya tsufa, hannu ya fara rawa, ya bar guduma. Amma duk Alhamis sai ya sa an kawo shi shagon ya zauna a kujerar da aka ware masa, ya sha shayi, ya kushe injin.

A Alhamis ɗin da ta wuce wani manomi ya shigo da mahaɗin famfonsa, ya ce ya daina ba da wuta. Keturah ta buɗe, ta tarar bututun suna nan daram, amma zanzaro ya shiga ta ramin da ba a sa waya ba, ya cika shi da laka, ya yi ɗakinsa har da 'ya'ya.

Ta miƙa wa dattijon. Ya kawo shi dab da ido, ya daɗe yana dubawa.

"Gida ya yi kyau, dole a samu ɗan haya," in ji shi. "Sai ki yi masa ƙofa, Malama."

Ta jawo takarda, ta ciro biro daga cikin ɗankwali, ta ce wa manomin ya zauna a zuba masa shayi, domin abin zai ɗan ɗauki lokaci.